Markgraf: Sarautar Bakin Iyaka a Tsohuwar Jamus, Asalinta da Abin da Ya Rage Mata

A watan Disamban 2022 labarai biyu suka fito daga Jamus waɗanda suka ɗaure wa masu bibiya kai. Ranar 7 ga wata 'yan sanda suka kama wani dattijo da ake kira Yarima Heinrich na 13 na gidan Reuss, bisa zargin kitsa juyin mulki. Ranar 29 kuma aka sanar da rasuwar Maximilian, Markgraf na Baden, yana da shekara 89. Mahaifiyarsa yayar marigayi Yarima Philip ce, wato shi da Sarki Charles na Ingila taubasai ne. Babban ɗansa Bernhard, wanda yana cikin mutum 30 da suka halarci jana'izar Philip a 2021, shi ya ɗauki laƙabin bayansa.

Jamus dai jamhuriya ce tun 1918. To daga ina ta samo yarima da Markgraf? Wa yake naɗa su, kuma me suke mulka? Tushen ruɗanin shi ne kalmar Markgraf ba abu ɗaya take nufi ba a kowane zamani. Ta fara a matsayin aikin da sarki ke tura baransa ya yi, ta zama gadon gida, ta zama matsayi a jerin manya, daga ƙarshe ta zama abin da ake rubutawa a jikin suna. Sai an bi waɗannan sauye-sauye ɗaya bayan ɗaya kafin a gane ta.

Mark da Graf

Kalmomi biyu aka haɗa. Mark a tsohon Jamusanci tana nufin iyaka, ko yankin da ke bakin iyaka, inda ikon sarki ke ƙarewa na wasu ya fara. Ita ce a ƙarshen sunan ƙasar Denmark, ita ce kuma a sunan jihar Steiermark ta Ostiriya. Graf kuwa wakilin sarki ne a gunduma. A daular Farankawa, wadda ta haɗa Faransa da yammacin Jamus da arewacin Italiya na yau, Graf shi ke zaman shari'a da sunan sarki, shi ke tattara abin da ke na fada, shi ke tara mazaje idan an buga gangar yaƙi. Ladansa amfanin gonakin da aka jingina wa muƙamin, da kashi ɗaya cikin uku na tarar da kotunsa ta ci. Masana harshe ba su daidaita kan asalin kalmar ba: wasu sun ce daga kalmar Girkanci mai nufin marubuci ta samo tushe, wasu sun ce ta Jamusanci ce tun fil'azal.

Markgraf ke nan shi ne Graf na bakin iyaka. Takardun wancan zamani da Latin ake rubuta su, a cikinsu kuwa marchio ake cewa, kuma daga nan Faransawa suka samo marquis, Italiyawa marchese, Ingilishi marquess. Sai dai kamar sunan ba ta sa nauyin ya zama ɗaya ba. A Faransa da Ingila ya ƙare a matsayin daraja a fada. A Jamus kuwa masu riƙe da shi da dama sun zama masu ƙasa na gaske, da rundunarsu da kotunansu da kuɗin da suke bugawa.

Akwai wasu sarautu masu ƙarewa da graf da ake yawan cakuɗawa da ita. Pfalzgraf asalinsa jami'in fadar sarki ne mai kula da shari'a. Burggraf mai riƙon birni ne ko gidan ganuwa. Landgraf ya bayyana a ƙarni na 12 a Thuringia, yana amsa wa sarkin sarakuna kai tsaye. Sama da su duka akwai Herzog, wanda sunansa ke nufin jagoran runduna, mai riƙe da babban yanki irin Bavaria ko Saxony.

Abin da ya sa Sharlaman ya buƙace su

Sharlaman, wanda Jamusawa ke kira Karl Mai Girma, ya hau mulki a 768, Fafaroma ya naɗa shi sarkin sarakuna a Roma a 800, ya rasu a 814. Daularsa ta yi faɗin da saƙo daga bakin iyaka kan ɗauki makonni kafin ya iso fada. Rundunarsa kuma ba ta dindindin ba ce. Ana tara ta da bazara, a sallame ta kafin sanyi. Mahara ba sa jiran wannan tsari. Don haka wanda aka ajiye a bakin iyaka sai an ba shi abin da ba a ba Graf na cikin ƙasa: gundumomi da dama a hannu ɗaya, ikon tara mayaƙa ba tare da jiran umarni ba, ikon gina ganuwa, da damar yin sulhu ko karɓar gaisuwa daga maƙwabta. Mai karatu da ya san matsayin Galadiman Borno da ke zaune a Nguru yana tsare yammacin daula zai gane irin wannan amana, da kuma irin fargabar da take jawo wa fada.

An sami irin waɗannan yankuna a gefen Brittany, da Friuli a arewa maso gabashin Italiya, da bakin kogin Danube wajen Avarawa, da kudancin duwatsun Pyrenees. Roland, wanda mawaƙan Turai suka daɗe suna wasawa, shi ne mai riƙon iyakar Brittany, kuma an kashe shi a 778 lokacin da Baskawa suka yi wa rundunar Sharlaman kwanton ɓauna tana dawowa daga Saragosa. Yankin Pyrenees ɗin da Andalus yake fuskanta, bayan Farankawa sun ci Barsalona a 801. Umayyawan Kurɗuba su ma suna da nasu tsarin a ɗaya gefen, yankunan da suke kira sugur, kuma gwamnoninsu na Saragosa su ma sun sha yi wa fada taurin kai.

Barsalona ta nuna inda wannan tsari kan nufa. Kafin ƙarshen ƙarni na 9 riƙonta ya zama na gida ɗaya. A 985 Almansur, mai iko a Kurɗuba, ya ci birnin da yaƙi, sarkin Farankawa bai aiko da ko doki ɗaya ba, daga nan kuma masu Barsalona ba su ƙara kai caffa ba. Wanda ya saba kare kansa da kansa, wata rana zai tambayi amfanin ubangidan da ke nesa.

Gabashin kogin Elbe

A Jamus sarautar ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 10, zamanin sarakunan gidan Saxony. Gabas da kogunan Elbe da Saale ƙabilun Slav ne ke zaune, dangin mutanen Poland da Cek na yau, mafi yawansu kuma ba su karɓi Kiristanci ba. Sarki Heinrich na 1 ya gina sansani a Meissen a 929. Ɗansa Otto na 1, wanda ya hau a 936, ya damƙa wannan iyaka ga mutum biyu, Hermann Billung a arewa da Gero a tsakiya.

Gero shi ne hoton Markgraf na farkon zamani. Aikinsa kai hari, karɓar haraji daga waɗanda aka rinjaya, kafa sansanoni da share wa limaman coci hanya. Widukind, marubucin tarihi ɗan zamaninsa kuma ɗan ɓangarensa, ya ruwaito cewa ya gayyaci shugabannin Slav kusan 30 liyafa, ya sa aka kashe su cikin dare. Shi ne kuma ya gina majami'ar Gernrode da ke tsaye har yau. Da ya rasu a 965 ba tare da ɗa namiji a raye ba, Otto bai bar wannan ƙasa mai faɗi a hannun mutum ɗaya ba. Daga ita aka sami yankunan Nordmark, Lausitz, Meissen, Merseburg da Zeitz. Wannan rabo shaida ce cewa har lokacin sarki ne mai bayarwa, shi ne mai karɓewa.

Ribar ba ta dore ko'ina ba. A 983 ƙabilun Slav na arewa suka yi gagarumin bore, suka rushe kujerun bishop na Brandenburg da Havelberg, ƙasar kuma ta kuɓuce wa Jamusawa fiye da shekara 150. A tsawon wannan lokaci an ci gaba da naɗa Markgraf na Nordmark duk da cewa mafi yawan ƙasar da sunan ke nufi ba ta hannunsa. Tun daga nan laƙabin ya fara rabuwa da ƙasa.

Inda masana suka saɓa

Littattafan makaranta sun daɗe suna zana taswirar da ke nuna jerin yankunan iyaka masu layi tsaf, kamar sarakuna sun zauna sun tsara katangar tsaro daga teku zuwa teku. Wannan fahimta ta masanan Jamus ce na ƙarni na 19, waɗanda ke kallon tsohon zamani da idon ƙasa mai ma'aikatu da dokoki a rubuce. Hujjarsu ita ce sunayen marca da marchio suna yawan fitowa a takardu game da wuraren da ke bakin daula, kuma masu riƙe da su sun fi sauran Graf mayaƙa.

Masana na baya-bayan nan, cikinsu har da Andrea Stieldorf a binciken da ta wallafa a 2012, sun sake karanta takardun suka ga abin bai kai haka tsari ba. Mutum ɗaya a kira shi comes, wato Graf, a wannan takarda, dux, wato Herzog, a waccan, marchio a wata. Wasu sunayen yankunan da ke cikin taswirori masana ne suka raɗa su daga baya. A ganinsu marchio ya fi nuna fifikon mutum da kusancinsa da sarki, fiye da wani ofis mai ƙayyadadden hurumi. Ɓangarorin biyu sun yarda cewa manyan bakin iyaka sun fi takwarorinsu ƙarfi; gardamar tana kan ko tsari ne aka shimfiɗa, ko kuwa buƙata ce ta riƙa haifar da shi wuri-wuri. Yadda laƙabin ke canzawa daga takarda zuwa takarda ya fi goyon bayan ra'ayi na biyu, aƙalla game da ƙarni na 9 da na 10.

Akwai saɓani na biyu mai zafi fiye da wannan. Marubutan kishin Jamus sun ɗauki su Gero a matsayin masu kai wayewa gabas. Masanan Poland da Cek sun ɗauke su farkon mamayar da ta ci gaba har ƙarni na 20, kuma 'yan Nazi sun ƙarfafa wannan kallo da suka sa wa Ostiriya suna Ostmark bayan sun haɗe ta a 1938. Masu bincike na yau a ƙasashen biyu sun fi jaddada cewa an yi yaƙi da kisa da ƙwace, an kuma yi auratayya da ƙawance, har ma sarakunan Slav na Poland da Pomerania da kansu sun gayyato manoma Jamusawa su zauna a ƙasashensu.

Daga amana zuwa gado

Babu ranar da aka yi shelar cewa sarautar ta zama ta gado. A hankali abin ya faru. Sarki ba shi da albashin da zai biya, ƙasa yake bayarwa. Markgraf ya zauna shekara 30 a wuri, ya aurar da 'ya'yansa ga manyan yankin, mayaƙa sun yi masa rantsuwa, ya gina gidajen ibada da za a binne shi. Idan ya mutu, ɗora baƙo a kan mutanensa neman fitina ne, don haka sai a tabbatar da ɗansa. Bayan an yi haka sau uku ko huɗu, hana magaji ya zama zalunci a idon sauran manya, su kuwa su ne masu zaɓen sarki. Rigimar sarakunan Jamus da Fafaroma a ƙarni na 11 ta ƙara raunana fada. A gidan ganuwar Matilda, mace mai riƙe da wannan sarauta a Tuscany, Sarki Heinrich na 4 ya je neman gafarar Fafaroma a Canossa a 1077. Zuwa 1232 sarkin sarakuna Friedrich na 2 ya amince a rubuce cewa shari'a da buga kuɗi a cikin ƙasashen manya hakkinsu ne.

Wani abu kuma ya fifita na bakin iyaka. Graf na tsakiyar ƙasa kewaye yake da bishop da birane da takwarorinsa, ba inda zai faɗaɗa sai ya taka wani. Markgraf yana da fili a gabansa, kuma ƙasar da ya ci da yaƙi ba ta da tsofaffin masu haƙƙi da zai raba iko da su. Shi ya sa manyan ƙasashe uku na Jamusawa duk daga bakin iyaka suka taso.

Ta farko Ostiriya. Bayan Otto na 1 ya karya mahayan Majar, kakannin mutanen Hungary, a Lechfeld a 955, an sake kafa yankin iyaka a bakin Danube, aka ba Leopold na gidan Babenberg a 976. A wata takarda ta 996 aka fara ganin sunan Ostarrichi. A 1156 Friedrich Barbarossa ya raba ta da Bavaria ya ɗaga mai riƙonta zuwa Herzog, Vienna ta zama mazauni, gidan Habsburg kuma ya karɓe ta a 1282.

Ta biyu Meissen. Gidan Wettin ya kafu a kanta daga 1123, aka gano azurfa a Freiberg a 1168, arzikin da ya sa ake kiran Markgraf na lokacin Otto Mai Dukiya. A 1423 suka sami Saxony. Daga wani reshen gidan ne Saxe-Coburg-Gotha ya fito, wanda ya ba Beljiyam sarakuna, ya ba Birtaniya gidan da ya canza suna zuwa Windsor a 1917.

Ta uku, wadda ta fi tasiri, Brandenburg. Albrecht da ake wa laƙabi da Beyar ya karɓi Nordmark a 1134. Sarkin Slav na ƙarshe a garin Brandenburg, wanda ya zama Kirista kuma ba shi da magaji, ya bar masa gadon ƙasar, amma sai da Albrecht ya ƙwace garin da yaƙi ranar 11 ga Yunin 1157 daga hannun wani mai neman gadon, sannan ya fara kiran kansa Markgraf na Brandenburg. A 1356 sarkin sarakuna Karl na 4 ya fitar da dokar nan mai hatimin zinariya wadda ta ƙayyade masu zaɓen sarki su bakwai: manyan bishop na Mainz, Köln da Trier, Sarkin Bohemia, Pfalzgraf na Rhine, Herzog na Saxony, da Markgraf na Brandenburg. Dokar ta hana raba ƙasashen masu zaɓe, ta ce babban ɗa ne magaji. A 1415 aka ba Friedrich na gidan Hohenzollern, wanda Burggraf ne na Nuremberg, wannan kujera. Zuriyarsa suka zama sarakuna a Prussia a 1701, suka zama sarakunan sarakunan Jamus a 1871, kuma ba su cire Markgraf na Brandenburg daga jerin laƙubbansu ba har faɗuwarsu. Berlin, wadda sai a 1244 sunanta ya fara fitowa a takarda, ƙaramin garin kasuwa ne na wannan yanki. A cikinta aka yi taron 1884 zuwa 1885 da ya shimfiɗa ƙa'idojin rabon Afirka, zamanin da Jamus ta kafa tutarta a Kamaru da Togo.

Markgraf da ba shi da iyaka

Baden ba ta taɓa zama yankin iyaka irin waɗancan ba. Yadda laƙabin ya iso ta shi ne, a 1061 an ba Berthold na gidan Zähringen sarautar Carinthia haɗe da yankin iyaka na Verona a Italiya, ƙasar da bai sami ikon mulka sosai ba. Ɗansa Hermann ya ɗauki laƙabin Markgraf na Verona. Verona ta tafi, laƙabin ya zauna a gida, kuma a 1112 jikan Berthold ya liƙa shi ga gidan ganuwarsa da ke saman garin Baden-Baden na yau. Haka ma Ansbach da Bayreuth, ƙananan ƙasashe a tsakiyar kudancin Jamus: masu mulkinsu ƙannen gidan Brandenburg ne, suka tafi da laƙabin gidansu.

Dalilin riƙe shi kam-kam shi ne matsayi. Daga ƙarshen ƙarni na 12 manyan daula suka rabu gida biyu, masu karɓar ƙasa daga hannun sarkin sarakuna a matsayin 'yan majalisar sarakuna, da sauran Graf da ke ƙasa da su. Markgraf yakan faɗa rukunin farko, ƙasa da Herzog, kafaɗa da kafaɗa da Landgraf da Pfalzgraf. Wannan ke ƙayyade inda zai zauna a taron daula, da nauyin ƙuri'arsa, da gidan da zai nemi aure. Amma jerin ba ya nuna ƙarfi: Markgraf na Brandenburg ya fi Herzog da yawa iko, na Baden-Durlach kuwa ƙasarsa 'yar mitsitsiya ce. Napoleon ne ya kawo ƙarshen wannan tsari. Baden ta mara masa baya, ƙasarta ta ninka sau da yawa, mai mulkinta ya zama Babban Herzog a 1806, shekarar da Daular Roma Mai Tsarki, wadda ta haɗa waɗannan ƙasashe a ƙarƙashin sarkin sarakuna, ta rushe.

Talakawa a ƙarƙashinsu

Ga manomin Slav na ƙarni na 10, zuwan Markgraf na nufin haraji, aikin gina ganuwa, zakkar coci, wani lokaci kuma bauta. A ƙarni na 12 da na 13 hoton ya canza. Masu ƙasa suna neman hannun noma, sai suka riƙa kiran baƙi daga Flanders da Holland da yammacin Jamus da alkawarin gona ta gado, 'yancin kai, da shekarun farko ba haraji. Mutanen Holland sun zo da sanin tsane fadama. Yankin Fläming kudu da Berlin daga mutanen Flanders ya samo suna. Ga waɗannan baƙi bakin iyaka ya fi gida sauƙi. Ga 'yan ƙasa kuwa ya danganta: wasu ƙauyuka an ba su irin wannan doka, wasu an ture su gefe, harsunansu suka yi ta ɓacewa. Waɗanda suka rage su ne Sorbawa na Lausitz, kimanin mutum 60,000 a kewayen Bautzen da Cottbus, waɗanda dokokin jihohin Saxony da Brandenburg ke kare harshensu a yau.

'Yancin bai ɗore ba. Daga ƙarni na 15 masu mulkin Brandenburg, da ke buƙatar kuɗi da goyon bayan masu manyan gandaye da ake kira Junker, suka sakar musu manoma. Jikokin waɗanda suka zo a 'yantattu suka wayi gari ba su da ikon barin ƙauye sai da izini, suna yi wa mai gandu aikin dole. Sai dokar Oktoban 1807 ta fara kwance wannan ƙulli a Prussia.

A ƙananan ƙasashen kudu komai ya rataya ne ga halin mai mulki. Karl Friedrich na Baden ya hana azabtar da wanda ake tuhuma a 1767, ya soke ɗaure manoma ga gona a 1783. Karl Alexander na Ansbach da Bayreuth kuwa, don ya biya bashin da ya gada, ya ba Birtaniya hayar samarin ƙasarsa a 1777 su yi mata yaƙi a Amurka, sannan a 1791 ya sayar wa Prussia ƙasashen biyu ya koma Ingila da zama. Gidan wasan da magabatansa suka gina a Bayreuth, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2012, na cikin irin gine-ginen da suka tara bashin.

Abin da doka ta ce tun 1919

Ɗan gidan Baden ne, Yarima Max, a matsayinsa na shugaban gwamnati, ya sanar da murabus ɗin sarkin sarakunan Jamus Wilhelm na 2 ranar 9 ga Nuwamban 1918. Kundin tsarin mulkin Weimar na 1919, a sashe na 109, ya soke duk wani fifiko a gaban doka da ake samu ta haihuwa, ya ce laƙubban sarauta sun zama wani ɓangare na suna kawai, kuma ba za a ƙara naɗa kowa ba. Wannan ƙa'ida na aiki har yau. Saboda haka wanda aka kama a 2022 ba yarima ba ne a idon hukuma. Prinz Reuss sunan gidansu ne, kamar kowane sunan gida. Shugabannin gidajen Baden da Wettin suna amfani da Markgraf bisa al'adar iyali, domin kakanninsu sun ga ba daidai ba ne su ci gaba da kiran kansu sarki ko Babban Herzog a jamhuriya, sai suka koma ga tsohon laƙabi. Babu hukumar da ke naɗi, babu albashi, babu kujera a majalisa. Da rigimar gado ta tashi a gidan Wettin bayan rasuwar shugabansa a 2012, gwamnati ba ta sa baki ba, domin babu muƙamin hukuma da ake gardama a kai.

Inda abin ke taɓa ɗan ƙasa shi ne dukiya. An karɓe mulki amma ba a karɓe gidaje da dazuzzuka ba. A Yunin 1926 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ƙwace kadarorin tsofaffin gidajen mulki ba diyya. Kimanin mutum miliyan 14 da rabi suka amince, amma ana buƙatar kusan miliyan 20, sai shirin ya faɗi. A gabashin Jamus, ƙarƙashin mamayar Tarayyar Sobiyet, an ƙwace duk gandun da ya wuce hekta 100 a 1945, kuma bayan haɗewar ƙasar kotun tsarin mulki ta ce a 1991 ba za a mayar ba. Wata doka ta 1994 ta ba da damar neman diyya da kayan da ake iya ɗauka, amma ta cire duk wanda ya ba gwamnatin Nazi gagarumin taimako. A kan wannan sharaɗi aka yi ta ja-in-ja da gidan Hohenzollern game da rawar da ɗan Wilhelm na 2 ya taka. Iyalin suka janye ƙararrakin diyya a 2023, a 2025 kuma aka yi yarjejeniyar da ta bar dubban kayan tarihi a gidajen tarihi na Berlin da Brandenburg. A Baden ma an yi hayaniya a 2006 da gwamnatin jiha ta so sayar da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ɗakin karatun Karlsruhe don a gyara fadar Salem. Masana da jama'a suka ƙi, daga baya jihar ta sayi mafi yawan fadar a 2009. Masu goyon bayan iyalan suna cewa dukiyar gado ce kamar ta kowa, kuma su suka adana ta. Masu adawa suna cewa da harajin talakawa aka tara ta, a zamanin da ba a bambanta aljihun mai mulki da baitulmali. Kotuna da gwamnatoci sun fi karkata ga sulhu, kuma kuɗin sulhun daga asusun jama'a yake fita.

Mayar da laƙabi suna ya buɗe wata ƙofa da ba a yi tsammani ba. Tunda suna ne, ana samunsa ta aure ko ta riƙo, kuma dokar Jamus ta yarda a ɗauki baligi a matsayin ɗa. Ta haka wani mutum ya zama Frédéric Prinz von Anhalt a 1980, daga baya ya auri 'yar fim Zsa Zsa Gabor. Ƙungiyoyin tsofaffin gidajen ba sa karɓar irin waɗannan a cikinsu, amma fasfonsu halal ne. Don haka ganin Prinz ko Graf ko Markgraf a katin wani Bajamushe ba hujja ba ce ta jini, balle ta iko ko dukiya.

Ostiriya ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta 3 ga Afrilun 1919 ta soke laƙubban gaba ɗaya, har da ƙaramar kalmar von, shi ya sa jikan sarkin sarakunanta na ƙarshe a takardun hukuma Karl Habsburg-Lothringen ne kawai. Wannan bambanci ya kai gaban Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar wata 'yar Ostiriya mazauniyar Jamus da ta sami suna mai laƙabin sarauta ta hanyar riƙo, hukumomin ƙasarta kuma suka goge laƙabin daga rajista bayan ta yi shekaru tana amfani da shi. A Disamban 2010 kotun ta ce Ostiriya na da ikon yin haka, domin daidaiton 'yan ƙasa ginshiƙi ne na tsarin mulkinta da sauran ƙasashen tarayyar za su mutunta.